Ƙaramar Tocilar Makulli: Wacce Ta Dace Da Daren Ƙauye?

A 'yan shekarun nan ƙananan tocilolin da ake maƙalawa a zoben makulli sun cika teburan 'yan koli, tun daga kasuwar Wudil ta ranar Juma'a har zuwa ta Maigatari ta ranar Alhamis, kuma duk wanda ya tsaya zai saya yakan rasa wadda zai ɗauka, domin kowace an buga mata babbar lamba a kwali, mai kaya kuma zai haska maka ita da rana tsaka, lokacin da ido ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau. Ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Gaya, inda ba a dogara da wutar lantarki, fitar dare kuma ba ta ƙarewa: sallar isha'i da ta asuba, leƙa turke idan awaki suka yi kuka, zagawa bayan gida, rakiyar baƙo zuwa bakin hanya. Tocilar waya tana rage zafi, amma tana cinye cajin da mutum ya biya kuɗi ya yi, haskenta ba ya nisa, sannan wanda wayarsa ta taɓa suɓucewa a bakin rijiya ya san tsadar wannan haske. Shi ya sa na tara tociloli shida, uku na saya, uku na aro wajen ƙanena da ke sana'ar kayan waya a Kano, na riƙa gwada su daga ƙarshen damina har hazo ya sauka.

Abin da ya kamata a duba kafin a ciro kuɗi

Lambar da aka fi bugawa a kwali ita ce ta lumen, wato jimillar hasken da ƙwan yake fitarwa. Wannan lamba ba ta gaya maka inda hasken zai sauka. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san cewa idan ya danne bakinsa da babban yatsa ruwan yakan yi nisa, alhali yawansa bai ƙaru ba. Haka haske yake. Gilashi ko ɗan kwanon da ke gaban ƙwan shi ne yatsan, kuma ƙarfin haske a tsakiyarsa ana auna shi da kandela. Tocila mai lumen 90 da aka tattara haskenta tana iya nuna maka abin da mai lumen 200 da aka baza ba za ta nuna ba. Don haka na fi duba abubuwa biyu a jikin bango: cibiyar haske, wato tsakiya mai ƙarfi, da kuma gefe, wato hasken da ke kewaye da ita wanda shi ne ke nuna maka inda ƙafarka za ta sauka.

Akwai kuma nisan da ake rubutawa da mita. Kamfanoni masu mutunci suna bin wani ma'auni na Amurka mai suna FL1, wanda aka fitar a 2009. A wannan ma'auni, ana lissafa nisa ne har zuwa inda hasken ya ragu ya yi daidai da na farin wata a daren sha huɗu, ana kuma lissafa daɗewar batir har zuwa lokacin da haske ya koma kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Hasken farin wata yana nuna maka cewa akwai wani abu a can, amma ba ya nuna maka ko kare ne ko tunkiya. A gwajina, nisan da ke da amfani bai cika wuce rabin abin da aka rubuta ba, kuma idan hazo ya sauka yakan ragu fiye da haka.

Abu na gaba, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci kuma aka fi mantawa da shi, shi ne ko tocilar tana da mataki na ƙaramin haske. Mafi yawan aikin dare a gida na kusa ne: neman ashana, duba yaro mai zazzaɓi ba tare da an tashi sauran ba, saka makulli a kwaɗo, karanta sunan magani. Lumen 5 ya isa duk wannan, kuma batirin da zai ƙare cikin awa guda a babban mataki zai kwana ya wuni a ƙarami. Haske mai ƙarfi a cikin ɗaki yana kashe ido, ta yadda idan ka fito waje sai ka jira kafin ka sake gani.

Sai tambayar inda wutar za ta fito: batirin da mai shagon unguwa ke sayarwa, ko wanda sai an je birni, ko caji. Sai ƙarko, wanda a wajenmu yana nufin ƙura kafin ruwa. Alamar IP da ke jikin kwali tana da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. 6 a farko na nufin ƙura ba ta shiga, 8 a ƙarshe na nufin za ta jure nutsewa, harafin X kuma na nufin ba a bayar da lamba a wannan ɓangare ba. Sai sauƙin kunnawa da hannu ɗaya, sai farashi har da kuɗin batir na wata-wata, sai haɗarin da ke tattare da kowace.

Wuraren gwajin kuwa su ne bangon zaure daga taku uku, hanyar masallaci, turken awaki daga taku 20, da wata darbejiya a bakin gona daga taku 40, duk a dararen da babu wata.

Mai batirin kwabo

Wannan ita ce ƙaramar da ake matsawa da yatsa biyu. Ta asali da aka fi sani ita ce Photon Micro-Light II, mai farin haske da ke ɗaukar batura biyu na CR2016, irin ƙananan nan masu siffar kwabo, haskenta kuma wajen lumen 5 ne. Kwaikwayonta sun fi ta yawa a kasuwanninmu, kuma su ne mafi arha a duk abin da zan ambata. Da ka ɗauke ta za ka ji kamar babu komai a hannunka. A bangon zaure ta yi ɗan da'ira mai shuɗi-shuɗi a tsakiya, gefenta kuma ya dushe nan da nan. Ta isa kwaɗo da aljihun jaka, a hanyar masallaci ta nuna taku biyu zuwa uku, a turke kuwa idanun awaki kawai na gani suna ƙyalli.

Ba ta da na'urar daidaita wuta, saboda haka haskenta yana raguwa a hankali tun daga daren farko. Canza batir a ta asalin sai an kwance ƙananan kusoshi huɗu, batirin kuma sai wajen masu gyaran agogo. Babban abin da ya sa ba na son ta a gida mai yara shi ne batirin kansa. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye batirin kwabo ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma wannan al'amari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take. Kwaikwayon da murfinsu ke ɓallewa da an danna sun fi wannan haɗari, kuma yaranmu ba su da abin wasan da ya wuce makullan babansu.

Masu batirin rimot

Nan na fi daɗewa, domin nan ne nake ganin amsar mafi yawan mutanen karkara take. Batirin AAA, wanda muke kira batirin rimot, babu kasuwar ƙauyen da ba a samunsa. Na gwada biyu, Olight i3E EOS da Fenix E01 V2.0, dukansu jikin alminiyom, tsawonsu kamar ɗan yatsa, kuma ana kunna su ne ta hanyar murɗa kai.

Olight ɗin tana da mataki ɗaya tak, lumen 90, an kuma rubuta mata nisan mita 44. A bangon zaure ta ba ni cibiya mai faɗi wadda ta narke cikin gefe ba tare da zobe ko tabo ba, kuma wannan shi ne hasken da ya fi daɗin tafiya a cikin duka shidan, domin ina ganin gabana da ƙafafuna a lokaci guda. A turke na ƙirga awaki har na gane wadda igiyarta ta harɗe. Darbejiya kuwa na ga gindinta, amma da mutum zai tsaya a jikinta da ban gane fuskarsa ba. Aibinta shi ne rashin ƙaramin mataki. Batir mai kyau ba ya cika awa guda a cikinta, wanda ke fita masallaci sau biyu a dare kuma zai riƙa sayen batir kusan kowane mako. A cikin ɗaki haskenta ya yi yawa, har sai na riƙa rufe bakinta da yatsa.

Fenix ɗin tana da matakai uku, lumen 5 da 25 da 100, ana sauyawa ta hanyar sassauta kan a sake ɗaurewa. A babban mataki ta yi kusa da Olight, sai dai ba ta kai ta nisa ba, domin mita 35 aka rubuta mata. Amma ba a babban mataki na riƙa amfani da ita ba. Lumen 25 ya ishe ni hanyar masallaci sarai, lumen 5 kuma shi ne na ɗaki, inda batir guda ke wuce awa 20. Alamarta IP68 ce, ta Olight kuma IPX8. Duka biyun sun sha ruwan sama na ƙarshen damina ba su nuna komai ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da batir. Mafi arha da ke shagunanmu, irin wanda ake sa wa rediyo da agogon bango, an yi shi ne don na'urar da ke jan wuta kaɗan-kaɗan. Idan ka sa shi a tocilar da ke neman lumen 90, haske zai faɗi cikin ƙanƙanin lokaci, ka ɗauka tocilar ce ba ta da kyau. A nemi wanda aka rubuta Alkaline a jikinsa. Shi kuma aibinsa yoyo: idan ya ƙare aka bar shi a ciki, yakan fitar da farin gishiri da ke cin ƙarfe har ya liƙe ya ƙi fita. Wanda ke da sola a gida zai fi cin riba da batirin AAA mai caji, irin na NiMH, domin ba ya irin wannan yoyon kuma yana jure jan wuta. Matsala ta biyu ita ce murɗawa. Da wuya a yi ta da hannu ɗaya idan ɗayan yana riƙe da buta ko yaro, kuma idan aka sassauta kan da yawa yana iya kwancewa a aljihu ya ɓace. Da hazo ya sauka na lura Olight tana ƙifta ido. Ƙura ce ta shiga zaren murɗawa, da na goge da tsumma mai tsabta ta dawo daidai. A kula kada ɗan zoben robar da ke wurin ya tsinke, domin shi ne ke tare ruwa.

Masu caji na kamfani

Nitecore Tube V2.0 ba ta kai giram 10 ba, jikinta roba ce mai tauri, haskenta kuma yana tashi daga lumen 1 zuwa 55. Ƙwanta a fili yake, babu gilashin da ke tattara haske, saboda haka a bangon zaure babu cibiya ko kaɗan, haske ne shimfiɗaɗɗe kamar na fitilar ƙwai. Don ɗaki da kicin da duba injin babur, ban ga wadda ta fi ta daɗi ba. A turke kuwa ta gaza. Maɓalli take da shi, ana kunna ta da hannu ɗaya, amma maɓallin kan dannu a aljihu idan makullai sun yi yawa.

Nitecore TIKI ta fi ta tsada kusan ninki biyu. Babban ƙwanta yana kai lumen 300, an rubuta mata nisan mita 71, kuma ita kaɗai ce ta haska darbejiya har na ga rassa. Sai dai batirinta ƙarami ne ƙwarai, 130 mAh a ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, ga zafi da ƙwan ke yi, don haka wannan ƙarfin na ɗan lokaci ne, na leƙa wani motsi a bakin gona. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙananan ƙwai biyu da ke gefenta. Ɗaya fari ne mai nuna launi yadda yake da rana, ɗayan kuma shi ne wanda ake rubuta wa UV, wato wani irin haske da ido ba ya cika ganinsa. Jikin kunama yana ƙyalli da launin kore mai shuɗi a ƙarƙashin wannan haske, kuma na tabbatar da haka a gindin katangarmu, inda na ga biyu a wurin da farin haske bai nuna mini komai ba. Amfaninsa na kusa ne, taku biyu ko uku a duhu sosai, kuma ba a haska shi a idon mutum. Ga gidan da yara ke kwana a tabarma a tsakar gida lokacin bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rauninsu ɗaya ne. Batirin a rufe yake a ciki, ba a canza shi, kuma irin wannan batir yana tsufa bayan wasu ɗaruruwan caji, zafi kuma yana hanzarta tsufansa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Kano da Jigawa, barin makulli a jikin babur cikin rana yana rage masa kwana. Idan caji ya ƙare a tsakiyar dare babu shagon da zai cece ka. Ƙaramin murfin robar da ke toshe ramin caji shi ne ke fara lalacewa, kuma da ya tafi ƙura ta samu ƙofa.

Ta kasuwa mai faffaɗan ƙwai

Ita ce mai kusurwa huɗu da ake rubuta wa COB, mai maƙala da maganaɗisu a baya, wadda yanzu ake gani a makullan 'yan acaɓa. Ba ta da sunan kamfani, lambar da ke kwalin tawa kuma ta ninka ta TIKI, abin da idona bai gaskata ba. Duk da haka ta cika zaure da haske fiye da kowace, kuma da na manna ta a jikin babur na gyara sarƙa da hannu biyu. Ba ta da nisa ko kaɗan. Haskenta fari ne fat mai shuɗi, wanda a cikin hazo yake dawowa ido kamar farin labule, yana kuma sa ƙasa da duk abin da ke kanta su zama launi ɗaya. Wannan yana damuna, domin kububuwa, wadda ita ce ta fi saran mutane a yankin Arewa, launin ƙasa gare ta kuma da dare take yawo. Bayan 'yan mintuna ƙarfin hasken yakan faɗi, kafin a kashe ta kuma sai an bi ta kan matakai har da mai walƙiya. Ba a san ingancin batirinta ba, don haka ba na barin ta a caji in kwanta, kuma idan jikinta ya kumbura a daina amfani da ita.

Ga su a jere

| Tocila | Haske | Siffarsa | Wuta | Ƙarko | Farashi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai batirin kwabo | lumen 5 | ƙaramar da'ira | CR2016 biyu | matsakaici | kwaikwayo mafi arha | haɗiyar batir |
| Olight i3E | 90 | cibiya mai faɗi | AAA | sosai | wajen dala 10 | cin batir, yoyo |
| Fenix E01 V2.0 | 5, 25, 100 | cibiya da gefe | AAA | sosai | dala 10 zuwa 15 | yoyo, ɓatan kai |
| Nitecore Tube V2.0 | 1 zuwa 55 | shimfiɗaɗɗe | caji | matsakaici | wajen dala 10 | tsufan batir |
| Nitecore TIKI | har 300 | mai nisa | caji | matsakaici | wajen dala 20 | tsufan batir |
| COB ta kasuwa | babu tabbas | bazazze | caji | sa'a ce | arha | kumburin batir |

Na sa farashin da dala ne saboda tun 2023 kuɗin kayan waje a naira ba ya zama wuri ɗaya, kuma a kan wannan sai an ƙara kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Masu sunan kamfani ba a cika samunsu a kasuwar ƙauye ba, sai a Kano ko ta intanet, jabu kuma suna da yawa. Idan aka ba ka mai babban suna a farashin ta kasuwa, ka kwance kanta ka duba: ta gaske zarenta sumul ne, da zoben roba da ɗan maiko, rubutun jikinta kuma ba ya gogewa da farce.

Wacce ta dace da wa

Magidancin da aikinsa masallaci ne da turke da zagayen gida, kuma babu sola kusa da shi, ya nemi Fenix ko wata mai batirin rimot da ke da ƙaramin mataki, ya ajiye batir guda a aljihu. Dattijo ko dattijuwar da ba ta son lissafin matakai, Olight ta fi mata sauƙi, murɗa a kunna, murɗa a kashe, in dai akwai mai sayo mata batir. Uwar da ke tashi duba jariri, da ɗalibin da ke muraja'a bayan an kwanta, Tube ce tasu idan ana samun caji a gidan. Ɗan acaɓa da mai faci da mai shayi za su ci moriyar COB saboda maganaɗisunta, amma kada su dogara da ita a hanyar daji. Mai batirin kwabo ta dace da wanda kwaɗo kawai zai buɗe kuma babu ƙananan yara a gidansa.

Mai gadin gona ko garke, da mai ban ruwan dare a fadama, babu ɗaya daga cikin shidan nan da za ta ishe shi. Yana buƙatar babbar tocila mai babban batirin caji da ake kira 18650, da takalmi mai rufe ƙafa, da sanda, ta makullin kuma ta zama ta ko-ta-kwana. A nawa makullin Fenix ce ta zauna. TIKI kuwa ban mayar wa ƙanena ba, na aika masa kuɗinta, na rataye ta a ƙusa a bakin ƙofar ɗaki, inda hannun yara ba ya kaiwa, domin idan bazara ta shigo a riƙa duba gindin katanga da ita kafin a shimfiɗa tabarma.